Loɓawar kan sukuru a silin jifsam: yadda ake gano dalili da yadda ake gyarawa

Tambayar da aka aiko ita ce: "Silin falona na allon jifsam ne, kuma gidan bai wuce shekara 2 da gamawa ba. Da dare in an kunna fitila sai in ga ƙananan ramuka zagaye-zagaye, kamar an danna da ɗan yatsa, sun jeru a layi. Na sa an cike su da foti an sake fenti, bayan 'yan watanni wasu suka dawo. Me ke jawo haka, kuma akwai haɗari a ciki?"

Malam, kafin ka sake sayen foti ko ka kira mai fenti, ɗauko tsani ka yi gwaji ɗaya. Ka ɗora tafin hannunka kusa da ɗaya daga cikin ramukan da suka dawo, ka tura allon sama da ɗan ƙarfi, idonka a kan ramin. In allon ya motsa ko da kaɗan ne, ko ka ga ramin ya shafe lokacin da kake turawa ya dawo da ka saki, ko ka ji ɗan ƙara kamar ana murza yashi, to matsalarka ta wuce ta fenti: allon ya rabu da abin da aka ɗaure shi a kai. In kuwa ya tsaya ƙyam bai ko girgiza ba, ka kwantar da hankalinka, kyan silin ne kawai ya ragu. Ramukan nan iri biyu a ido kamarsu ɗaya, amma ɗaya foti ne maganinsa, ɗayan kuma ko sau goma aka cike shi aikin baban giwa ne.

Sai ka san abin da ke riƙe da silin a sama kafin ka ga amfanin gwajin. Allon jifsam farin dutse ne da aka niƙa, aka dama, aka zuba tsakanin takardu biyu masu kauri ya daskare. Cikinsa ba shi da wani ƙarfin a-zo-a-gani, da farce ma kana iya kankare shi. Ƙarfin yana jikin takardar. Shi ya sa aka ƙera sukurun jifsam da kai mai lanƙwasa ta ƙasa, marar kaifi, don ya danna takardar ta ɗan lotsa ba tare da ya yanka ta ba. Yadda ake so shi ne kan ya nutse ƙasa da milimita 1, daidai yadda foti zai rufe shi, takardar kuma tana nan lafiya a ƙarƙashinsa. Allo ɗaya mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2.4, mai kaurin milimita 12.5, nauyinsa ya kai wajen kilo 23. Mai kaurin milimita 15 zuwa 16 yakan kai wajen kilo 30. In an bi ƙa'ida, sukuru talatin da 'yan kai ne ke riƙe da shi, ka ga kowanne bai ɗauki kilo ɗaya ba. Amma duk wanda ya yaga takarda ya fita daga lissafi, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa. A bango abin bai cika damuwa ba, don allon a tsaye yake. A silin kuwa nauyin gaba ɗaya ƙasa yake ja, dare da rana, kuma a kan waɗannan ƙananan kawunan ya rataya.

Mafi sauƙin dalilin loɓawa, kuma wanda ya fi yawa, shi ne motsewar foti. Fotin da ake sayarwa a dame cikin bokiti ruwan cikinsa ne ke fita ya bushe, in ruwa ya fita kuwa dole ya motse. Shafa ɗaya ba ta taɓa cika ramin sukuru. Tana jiƙe za ka gan ta sumul, washegari ta faɗa ciki. Ƙa'idar da masu yin jifsam a Amurka suka fitar kan matakan gamawa, GA-214, ta ce a mataki na 4, wanda shi ne na ɗakunan da za a yi wa fenti, kowane kan sukuru shafa uku ake yi masa daban-daban, kowace ta bushe kafin a ɗora ta gaba. Mai aikin da ke sauri yakan yi biyu, wani ma ɗaya mai kauri, ya bi da fenti tun cikin bai gama bushewa ba. Fotin ya ci gaba da motsewa a ƙarƙashin fentin, sai bayan an tare a gidan ramukan su bayyana. Irin waɗannan ba su da zurfi, girmansu kusan ɗaya ne ko'ina, gefensu ba ya tsagewa, kuma ba sa ƙaruwa. Ina kyautata zaton waɗanda aka cike maka ba su dawo ba, wannan ne ciwonsu.

Akwai ma waɗanda ba ramuka ba ne sam, ido ne ke ruɗin mutum. Foti da takarda ba sa shan fenti daidai, kuma foti ya fi takarda santsi, don haka in ba a yi faraima ba, wato shafar share fage da ake yi kafin fenti, sai kowane kan sukuru ya fito kamar tabo in haske ya bugo ta gefe. Gane shi ba wuya: ka kafa bakin wuƙar foti a tsaye a kan wurin, ka haska tocila ta bayanta. In haske ya ratso ta ƙarƙashin wuƙar, rami ne. In bai ratso ba, faraima da fenti ne kawai aikinka.

Waɗanda suka dawo su ne abin dubawa. Ramin da ya dawo bayan an cike shi da kyau yana nuna cewa kan sukurun da fuskar allon ba sa tafiya tare: ko dai allon yana sauka sukurun yana nan inda yake, ko kuma katakon yana jan sukurun sama allon bai bi ba. Kamar maɓallin da ake ɗinkawa a jikin kujerar kushin ne, zaren ya ja shi ciki, yadin ya lotsa kewaye da shi. Irin wannan ramin yakan fi zurfi, sau da yawa da siririyar tsaga a zagaye, wani lokaci har ɗan faifan fotin ya ɓalle ka hango baƙin kan sukurun a can ciki.

Abin da ya fi jawo shi shi ne an tura sukurun ya wuce kima tun ranar da aka ɗaura silin. Mai aiki da diril marar abin tsayar da zurfi, hannunsa a sama, wuyansa ya gaji, cikin sukuru goma sai uku ko huɗu sun huda takarda. Ranar ba wanda zai sani, don foti ya rufa asiri. Amma kan sukurun yanzu a kan garin jifsam yake zaune, garin kuwa yana murƙushewa a hankali, allon yana zamewa ƙasa. Na kusa da shi a yawa shi ne ba a danna allon ya manne da katako ba lokacin ɗaurewa. Sukuru ba aikinsa ba ne ya jawo allo daga nesa. In akwai rata, sai kan ya nutse cikin allon kafin allon ya iso katakon. Hakan na faruwa sosai in sanda ɗaya a cikin katakan silin ta fi sauran hawa sama, ko ta karkace. Nan za ka ga ramukan sun bi layi ɗaya tak, layukan da ke gefensa lafiya lau.

Sai katakon kansa. Gida mai shekara 2 dole a yi maganar bushewar katako. Katakon gini da ake kira busasshe ana nufin danshinsa bai wuce kashi 19 cikin ɗari ba, alhali in ya zauna cikin gida yakan sauka zuwa wajen kashi 8 zuwa 12, a busasshen yanayi ma ya fi haka sauka. Katako ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma a kauri da faɗi yana motsewa sosai. In ya motse, fuskarsa ta ƙasa sai ta janye sama ta bar rata tsakaninta da allon, sukurun kuma yana nan da tsawonsa. Daga nan allon ya zama yana lilo a kan kawunan sukuru: a buga ƙofa da ƙarfi iska ta ɗaga shi, a yi tafiya a bene ya girgiza, fanka ta yi ta kaɗa shi. Kowane motsi yana ƙara cin jifsam ɗin da ke ƙarƙashin kan. Wani wuri ya fito ƙululu, wani wuri ya loɓa, amma ciwon ɗaya ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dogon sukuru ya fi gajere jawo wannan matsala, don gwargwadon zurfin da ya shiga cikin katako, gwargwadon kaurin katakon da zai motse a tsakanin tsininsa da allon. Wanda ya ce bari ya sa mai inci 3 don ya fi riƙewa, ya ƙara wa kansa aiki ne. In kuma an haɗa da gam wajen ɗaura allon, gam ɗin kan jawo allon ya bi katakon sama, sai kawunan su turo ƙasa. Wannan ƙululu yake bayarwa, ba rami ba.

Danshi shi ne wanda ba na son a yi wasa da shi. Jifsam in ya sha ruwa laushi yake yi, takardar ta saki, kan sukuru ya shige ciki ba tare da wata turjiya ba. Ba sai ruwa ya ɗiga a ƙasa ba. Ɗan yoyon rufi, ko bututun banɗakin sama da ke tsattsafo, ko zufar bututun na'urar sanyaya ɗaki, ko tururin wanka da ba shi da mafita, duk sun isa. Alamarsa ramukan sun taru a yanki ɗaya, da zoben tsatsa ko rawaya-rawaya a kewayen kan, kuma in ka danna da babban yatsa za ka ji wurin ya yi taushi. Muddin ba a tsayar da ruwan ba, kada a taɓa foti.

Nauyi da tazara su ma suna da nasu. Allo mai milimita 12.5 a kan katakan da ke da tazarar santimita 60 yana bakin iyakarsa ne. Masu yin allon sun ƙayyade cewa a irin wannan tazara abin tare zafi da za a shimfiɗa a kansa kada ya wuce wajen kilo 6 a kowace murabba'in mita. In tazarar santimita 40 ce, ko allon mai milimita 15 zuwa 16 ne, ana iya kaiwa wajen kilo 10. Ka ƙara da kayan da ake jibgewa a cikin silin, da mai gyaran waya da ya taka allo maimakon katako. In wannan ne, za ka ga allon ya yi ciki tsakanin kowane layi biyu na sukuru, silin ya zama tudu da kwari in ka haska shi ta gefe.

Na ƙarshe ya shafi gidajen da aka rufa da haɗaɗɗen katako mai kusurwa uku, musamman inda ake sanyi mai tsanani. Sandar ƙasa tana binne cikin abin tare zafi, a bushe da ɗumi, na sama kuma suna cikin sanyi suna shan danshi suna ɗan miƙewa. Sai dukan ƙashin rufin ya gantsare, tsakiyarsa ta ɗaga, ta ja silin sama. Bangon tsakar gida ba ya bin sa, shi ya sa ramuka da tsaga ke fitowa kusa da bangayen ciki, su buɗe a wani lokaci na shekara su rufe a wani.

To yaya za ka san wanne ne naka? Ka jira dare, ka kashe fitilu, ka manna tocila a jikin silin hasken ya kwanta a kansa. Duk wani rami zai fito da inuwarsa. Ka zagaye kowanne da fensir, kada ka yi da biro ko maka, don tawadarsu tana ɓullowa ta cikin fenti. Waɗanda suka motsa da ka tura, ka sa musu alama ta daban. In ka gama ka sauko ka tsaya a bakin ƙofa ka dubi zanen gaba ɗaya. A warwatse ko'ina, ba motsi: foti ne. Layi ɗaya: katako ɗaya ne ya kauce. An taru wuri guda: ruwa ko nauyi. Kewaye da fanka: girgiza, kuma ka duba ko fankar a jikin katako ko ƙarfe aka rataye ta. Gefen bangayen ciki kaɗai: ƙashin rufi ne ke motsi. In akwai ƙofar shiga cikin silin, a leƙa da tocila, a taka katako kawai. Daga sama za ka ga ratar da ke tsakanin allo da katako da idonka, ka ga sukurun da suka kuskure katako suna tsaye a fili, ka ga tabon ruwa tun bai ratso ƙasa ba.

Game da haɗari da ka tambaya: 'yan ramuka a warwatse ba sa kayar da silin. Abin tsoro shi ne layuka da yawa a jere duk suna motsi, silin ya yi ciki har ana gani da ido, ko ana jin ƙarar tsagewa daga sama. Ka ɗora dogon lebur ko miƙaƙƙen katako a jikinsa. In tsakiyar ta sauko har yatsa na shiga a gefe, ko ka tura ka ji allon gaba ɗaya ya ɗaga ya dawo, a fitar da mutane daga ɗakin, a tokare shi da katako mai faffaɗan kai, a kira wanda ya san aikin a ranar. Hukumar kula da gine-gine ta Ostireliya ta Yamma ta taɓa fitar da gargaɗi kan silin da ke ruftowa ba zato, kuma cikin alamomin da ta lissafa har da waɗannan ƙananan da'irori a wurin kusa ko sukuru, tare da saukowar allo da ƙarar tsagewa. Silin ɗaki guda yana iya haura kilo 100, ba abin da za a kwana a ƙarƙashinsa ana shakka ba ne.

In gwaji ya nuna allon lafiya yake, sassautawa kawai ya yi, gyaran ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. Ka fara da tono tsohon fotin da tsinin wuƙa har kan sukurun ya fito, ka share gicciyen da ke kansa. Ka sa sukurudireba na hannu ka ɗan juya. In ya yi ta juyawa a banza bai kama komai ba, ya kuskure katako ne ko ramin ya cinye. Cire shi za a yi. In ya kama amma takardar da ke kewaye da shi a yage take, yana riƙe da katako ne ba ya riƙe da allo. Kada ka ƙara ɗaure shi da sunan gyara, ƙara nutsewa zai yi. Riƙon zai fito ne daga sabon sukuru a sabon wuri, inda takarda take da lafiya.

Layin tsofaffin sukurun shi ke nuna maka inda katakon ya bi, ƙaramin mayen ƙarfe kuma zai nemo maka waɗanda fenti ya ɓoye. Ka auna santimita 4 zuwa 5 daga tsohon, a kan layin. Sai abin da ya fi komai muhimmanci a aikin nan: ka tura allon sama har ka ji ya manne da katako, ka riƙe shi a haka, sannan ka ɗaura sabon. In hannu ɗaya ba zai iya ba, wani ya tura maka, ko ka yi tokari da katako mai tsawon ɗakin da ɗan ƙari, ka gicciya masa guntun katako a kai. Wanda ya ɗaura sabon sukuru allon yana rataye, ya maimaita kuskuren farko ne. Inda allon ya saki sosai, a sa biyu, ɗaya kowane gefen tsohon. Bayan sabon ya kama ne za ka koma kan tsohon, ka cire shi ko ka ɗan nutsar da shi ƙasa da fuskar allo. In kusa ce ba sukuru ba, ka buga ta ciki da abin nutsar da kusa, ko ka ɗaura sukuru dab da ita yadda kansa zai hau kan nata ya danne.

Sukurun da za ka saya ya dace da abin da ke sama. Mai manyan haƙora na katako ne, mai ƙananan haƙora na ƙarfe. Allo mai milimita 12.5 sukuru mai milimita 32 yake so, mai milimita 15 zuwa 16 kuma mai milimita 41. Abin nema shi ne ya shiga katako kamar milimita 16, ko ya ratsa ƙarfe da kamar milimita 10. Fiye da haka, ban da abin da na faɗa na motsewar katako, kana iya samun wayar lantarki ko bututu. Ka sayi ɗan bakin diril mai ƙwanƙwasa a kewaye, wanda ke sakin sukuru da kansa in ya kai zurfin da ake so. In babu, ka tsayar da diril tun kan bai taɓa takarda ba, ka ƙarasa juyi ɗaya ko biyu da hannu. Sukurun ya shiga a miƙe, don in ya karkata gefe ɗaya na kan zai yanka takarda, ɗayan ya tsaya a waje. In ka gama, ka goga wuƙar foti a kansa. In ta yi ƙas, bai shiga ba, ƙara kwatan juyi. In ka ga farin gari ya fito a kewayen kan, ya wuce. Bar shi, sa wani a gaba.

Kada ka firgita in kana ɗaure wannan ka ga na kusa da shi ya turo ƙululu. Allon ne ke komawa mazauninsa, tsofaffin kawunan suna bayyana. Ka bi layin har ƙarshe, ka fara daga inda allon yake a manne ka nufi inda ya saki. A silin tazarar sukuru kada ta wuce santimita 30, kamar yadda ƙa'idojin aikin jifsam na Amurka, ASTM C840 da GA-216, suka tanada, kuma kada ya matsi bakin allo fiye da milimita 10. In ka tarar an yi maka tazarar da ta fi haka, yanzu ne lokacin cike giɓin.

Sai cikewa. Ka yanke duk wata takarda da ta tashi da reza mai kaifi, ka ɗan danna bakin ramin da gindin wuƙa ya lotsa ciki. Inda takardar ta ɓare har cikinta mai launin ruwan ƙasa ya fito, ka shafa faraima mai toshewa, irin na mai ko na shalak, wato wani ƙaro da ake narkawa a shafa, in ba haka ba ruwan foti zai sa ta yi bororo. Shi ne kuma ke hana tabon tsatsa da na ruwa sake ɓullowa. A shafar farko na fi son fotin gari da ake damawa, wanda ke daskarewa da kansa. Za ka ga an rubuta 20, 45 ko 90 a jikin buhun, mintocin da yake ba ka ke nan kafin ya kama. Motsewarsa kaɗan ce, shi ya sa ya dace da rami mai zurfi. Amma yana da taurin gogewa, don haka kada ka bar shi ya yi tudu. Ka dama kaɗan, ka danna shi cikin ramin da wuƙa mai faɗin santimita 10, ka juya wuƙar ka kankare ta gicciye har fuskar allo ta fito, ramin kaɗai ya rage a cike. Shafa ta biyu da ta uku da fotin bokiti, siriri-siriri, kowace ta fi ta baya faɗi, da wuƙa mai santimita 15 sannan mai 25. Fotin bokiti yakan so kwana guda tsakanin shafa da shafa, fiye da haka in ana danshi, kuma kada a yi aikin a ɗakin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 10. Inda tsohon rami da sababbin sukuru biyu suke kusa, ka haɗe su da shafa ɗaya doguwa. Ta fi ɓacewa a ido a kan ɗigo uku.

Gogewa da samfefa mai lamba 150 zuwa 220, a naɗe a jikin katako mai lebur, da hannu marar nauyi. In ka goge da yatsa za ka sake haƙa ramin da ka cike, in ka zarce kan takarda kuma ta yi gashi, fenti ya nuna. Ka sa takunkumi da gilashin ido, ƙurar a fuskarka take sauka. Soso mai ɗan danshi ma yana yi in wurin kaɗan ne. Gidanka sabo ne, wannan bai shafe ka ba, amma mai tsohon gida ya sani cewa tsohon foti da adon silin mai gurje-gurje suna iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Amurka ta hana sa shi a fotin cikewa a 1977, Birtaniya kuma ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999. Irin wannan silin ba a kankare shi ko a goge shi sai an kai ɗan guntu an gwada.

Ka sake haskawa da tocila kafin fenti, don abin da ka gani a lokacin shi za ka gani bayan fenti, fenti ba ya cike rami. Ka yi wa wuraren faraima, sannan ka yi wa silin fenti gaba ɗaya daga bango zuwa bango. Fentin faci a silin da wuya ya saje. Ka zaɓi marar sheƙi. In fitilunka irin waɗanda ke manne da silin ne, ko taga ta kai kusa da shi, hasken a kwance yake tafiya, komai ƙanƙantar aibi sai ya tona shi. Nan ne mataki na 5 ke da amfani, wato a bi fuskar silin duka da foti siriri kafin faraima. Yana da tsada da ƙura, kuma a ganina ɗakin kwana bai cancanci wannan wahala ba, amma falo mai irin wannan haske ya cancanta.

Akwai inda ƙarin sukuru gyaran gangar Auzinawa ne. Allon da ya jiƙe ya yi ciki ya bushe a haka ba ya komawa daidai, in ka tilasta shi da tokari tsagewa zai yi. In sabon sukuru yana shigewa ba ka jin turjiya, cikin allon ya mutu. A yanke yankin har tsakiyar katakon da ke kowane gefe a sa sabo. In tazarar katakan ce ta yi yawa, a gicciya musu siraran katako ko ƙarfe a tazarar santimita 40, a daidaita su da lebur, a ɗaura sabon allo a kansu, tsawonsa yana gicciye da su. Na ƙashin rufi mai motsi kuwa maganinsa rage sukuru ne: a cire waɗanda ke cikin santimita 30 zuwa 45 daga bangon ciki, a tallafi bakin allon da maƙalai da aka ɗaure a kan bangon, yadda allon zai ɗan lanƙwasa in rufin ya ɗaga. Kada a yanka ƙashin rufin, kada kuma a buge shi da kusa a jikin bango don a hana shi motsi.

A shekara 2 katakonka ya yi yawancin bushewar da zai yi, don haka gyaran da aka yi yanzu da sabon sukuru ya kamata ya zauna. Ga mai gidan da bai shekara ba, in ba alamar haɗari, gara ya bari gidan ya ga zafi da sanyi da danshi zagaye ɗaya, sannan a yi gyaran sau ɗaya a lokacin da iska ta fi bushewa. In har yanzu akwai yarjejeniyar gyara tsakaninka da wanda ya yi ginin, ka ɗauki hoton zanen fensir ɗin da na kawunan da ka tono kafin ka rufe su, don yagaggiyar takarda a kewayen kan sukuru shaida ce ta yadda aka ɗaura shi.

Duk maganar motsewar katako ta faɗi in silinka a kan ƙarfe aka ɗaura shi, don ƙarfe ba ya shan danshi ya motse. A nan zargi ya koma kan sukurun da ya wuce kima, ko an yi amfani da mai manyan haƙora ya cinye ramin a jikin siririn ƙarfen, ko kuma marataya da ke riƙe da ƙarfen daga sama sun yi nisa da juna ko ɗaya ta saki. Wanda zai leƙa cikin silin ya kama kowace marataya ya girgiza. Wadda ta yi sako-sako a ɗaure ta a daidaita tsayinta da na sauran, sannan a sauko a fara maganar sukuru da foti.